Bargon ulu da buzu, ko jakar barci da katifar iska?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi shimfiɗar da ta fi dacewa da kwanan daji. Tsakanin jakar barci (wadda ake shiga cikinta a ja zif) da katifar iska, da kuma bargo da buzu irin na iyayenmu, in dai a kan doki za ka fita farauta cikin hunturu, bargo da buzu za ka ɗauka.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, sanyin daji ta ƙasa yake shiga jiki. A watan Janairu daren ƙasar Kano yakan sauko wajen digiri 13, a fadama ko bakin kogi sanyin ya fi haka, ga raɓa da asuba. Duk kaurin mayafinka, in shimfiɗarka ba ta tare sanyin ƙasa ba, sai ka tashi haƙarƙari na ciwo. Shi ya sa nake fara shimfiɗa ɗan tamfol, in ɗora buzun rago mai gashi, sannan bargo. Nawa bargon na kakana ne, saƙar Fulanin Mali, mai nauyi, har yanzu da ɗan ƙaurin hayaƙi a jikinsa. Wani dare muna kwance kusa da wuta, dokin abokin tafiyata ya tsinke dabaibayi ya yi daji. Yaye bargon kawai na yi, na riga kowa isa gare shi. Yaron da ya zo da jakar barci kuwa yana can yana kokawa da zif, har muka dawo da dokin bai gama fitowa ba. Da na koma shimfiɗa na tarar tartsatsi ya faɗo a kan bargon, ya bar ɗan baƙin tabo ya mutu. Ulu ke nan, ba ya saurin kamawa, kuma ko ya sha raɓa yana riƙe ɗumi.

Ita jakar, a yi mata adalci, ba ta da nauyi kuma tana naɗewa ƙarama. Ina da guda, tana rataye a ɗaki. Yadinta na roba ne, tartsatsi ɗaya ya huda ta, mai gashin agwagwa kuma in ta jiƙe ta tashi aiki. Katifar iska kam ban ba ka shawara ba ko kyauta aka ba ka. Ƙasar da ke cike da tsidau da ƙayar aduwa? Kafin tsakar dare kana kwance a tsandauri. In ba ka samu buzu ba, nemi tabarmar soso mai tauri wadda ba a hura mata iska.

Aibin bargo ɗaya ne, nauyi, kuma dokin ne zai biya. Masu kula da dawakai suna cewa kada kayan da ke bayansa, har da kai da sirdi, su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dokin kilo 350 ke nan kilo 70, ka ga ba sarari da yawa. Naɗe bargon da tsawo cikin tamfol, ka ɗaure shi tamau a bayan sirdi yadda zai sauko gefe da gefe daidai, kada ya zauna a kan ƙugunsa yana gogarsa. Kuma kada ka sa bargon kwananka a ƙarƙashin sirdi don rage kaya, gumi zai jiƙa shi.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa. Da yawa bargon roba suke sayarwa da sunan ulu. Zaro zare ɗaya ka sa masa ashana: ulu ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule. Buzu kuma ka shinshina, ka ja gashinsa. In yana wari ko yana tsigewa, jimar ba ta kama ba, bagaruwa ba ta ratsa shi ba. In kuma ka nace sai jakar, ta kirki lamba uku na digirin sanyin da za ta iya ɗauka ake rubuta mata. Ta ƙarshe, mafi ƙasa, iyakar tsira da rai ce, ba ta barci ba, amma ita mai shago zai nuna maka. Ta farkon za ka duba.

Ka haɗa da gidan sauro in za ku sauka kusa da ruwa, kuma kullum da safe ka kakkaɓe shimfiɗa da takalmi saboda kunama.