Ɗakin taron gaggawa a sito: shingen katako ko kwantena?

Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna amfanin masu yanke shawara su zauna kusa da kayan agaji. To, a ina za su zauna cikin sito?

Shingen katako ya fi arha, kafinta zai tayar da shi nan da nan, kuma gwargwadon faɗin da kuke so. Ga bango na manna taswirar unguwanni, ga wurin tebur mai ɗaukar jami'an hukumar agajin gaggawa ta NEMA, sojoji da likitoci. Matsalarsa ƙara da ƙura: ana sauke buhunan shinkafa daga tirela, 'yan dako na kiran juna, mai magana a oba-oba sai ya toshe kunne ɗaya. In ba a yi masa silin ba, sirri ma babu.

Kwantena kuwa tana kulluwa, ana iya ɗora ta kan bulo saboda ruwa. Amma faɗinta ƙafa 8 ne kacal, ƙarfenta na rage sabis ɗin waya, kuma wuta na ɗaukewa ta zama tanda.

Ni katakon zan zaɓa, nesa da ƙofar lodi, a bar wa kwantena rediyo da batiran sola.