Faifan Tracy Chapman da na saya a Cleveland

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yara. Ka ce in riƙa ba ka labarin kayan ƙasar nan da yadda ake ciniki. Yau a kan abu ɗaya zan tsaya, don ranar Asabar ya dawo mini da ɗakinka na soro.

Ka tuna kaset ɗin matar nan mai kakkaurar murya, wanda muka daɗe muna gardamar mace ce ko namiji? Zarensa ya tsinke ka liƙe da jan farce, kuma da biro muke naɗe shi don kada batirin rakoda ya ƙare. Ashe Tracy Chapman 'yar garin nan ce da nake zaune, Cleveland, a nan aka haife ta a 1964. Na shiga wani shagon faifai na iske kundin nata na farko, da hotonta ta sunkuyar da kai, sabo fil cikin leda.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne faifan garmaho ne, irin baƙin nan mai faɗi da muka ɗauka ya mutu tun zamanin su Baba. A Amurka ya dawo da ƙarfinsa, har a 2022 yawan wanda aka sayar ya zarce na CD, karon farko tun 1987. Tsada gare shi kuwa. Kusan dala 30 na biya, ga haraji da ba a rubuta a jikin kaya, sai a wurin biya ake ɗora maka. Ba tayi, ba ragi. Yaron shagon ya karɓi kati, ya miƙo rasit, bai ko tambaye ni daga ina nake ba. Na yi kewar mai kaset na bakin kasuwarmu, wanda zai ba ka benci, ya sa maka waƙar ka ji tukuna, in kuɗinka bai kai ba ya ce kawo na hannunka. Wannan mu'amalar babu ita a nan, kuma rashinta na damuna.

Amma fa kayan ya amsa kuɗinsa. Waƙoƙi goma sha ɗaya, a ciki an buga baitocin duka, da sunan kowane makaɗi da wanda ya tace sautin. Da na ɗora shi a na'urar maƙwabcina na ji har gogar yatsunta a kan tsirkiyar jita. Namu kwafin kwafi ne, rabin muryar ma iska ta cinye.

Sai yanzu na san tarihinsa. Kamfanin Elektra ya fitar da shi a watan Afrilun 1988, tana da shekara 24. Irin kiɗan da suke kira fok rok ne, wato waƙar mutum ɗaya da jitarsa, a ɗan tallafa da ganga da jitar lantarki. A watan Yuni na shekarar aka yi taron cikar Mandela shekara 70 a filin Wembley na Landan, yana kurkuku a lokacin. Mawaƙi Stevie Wonder ya samu matsalar kayan kiɗa, sai aka turo Tracy ta cike gurbin, ita kaɗai da jita a gaban dubban mutane, ana nunawa a talabijin a ƙasashe da yawa. Daga nan kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila, ta ci lambar yabon waƙa ta Grammy uku, an kuma sayar da fiye da miliyan 20 a duniya.

Da na bi baitocin waƙarta Fast Car a takarda, jikina ya yi sanyi. Labarin yarinya ce da uwa ta tafi, uba ya faɗa shan giya, ta bar makaranta don ta kula da shi, tana aikin kanti tana tara 'yan kuɗi da burin barin garin. Shekaru muna rera amshin ba mu san talauci take faɗa ba. Nan take Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa, shi da kuntiginsa yana yi wa karen mota waƙa. Sana'arsu ɗaya.

Inda suka rabu shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A nan waƙa dukiya ce mai rajista, kamar fili. A 2023 wani mawaƙi, Luke Combs, ya sake rera Fast Car, ta sake karaɗe gidajen rediyo. Tracy ce ta rubuta, don haka duk sakawa da duk saye akwai kasonta, har ƙungiyar mawaƙan kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka, ta ba ta lambar waƙar shekara, shekara 35 bayan fitowarta. A gida kuwa ka miƙa memori ga masu tura waƙa, a cika maka ɗaruruwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sauƙi ne gare mu, ban musa ba, kuma yaran nan abincinsu suke nema. Sai dai ko kwabo ba ya isa gidan mai waƙar.

Kada ka ce sai mai kuɗi ke ji a nan. Laburaren unguwa na ba da aron CD kyauta, shaidar adireshi kawai za ka nuna a yi maka kati. A shagon gwanjo kuma na samu CD ɗin kundin a dala 2, ba ko ƙwarzane. Shi zan aiko maka ta hannun mai tahowa gida, tunda faifan ba ka da abin sa shi.

Ina roƙon alfarma ɗaya. Akwai kwalin kaset a ƙarƙashin gadon Inna, da na Ɗan Maraya da na Shata a ciki. Don Allah ka ɗauke shi daga ƙasa kafin damina, ka sa a inda zafi da gara ba za su kai ba. Na ga wata 'yar na'ura a nan da ke juya kaset zuwa kwamfuta, zan taho da ita in Allah ya yarda.