Shagon 'yan wasan tebur a Shikago

Daren Laraba ya fi dacewa a leƙa wannan shago. Tebura cike, lauya kusa da direban bas, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 a wasan Dungeons & Dragons. Wasan, wanda a cikinsa kowa ke taka rawar wani jarumi a ƙagaggen labari, ya fito tun 1974. A shekarun 1980 wasu iyaye a Amurka sun ce tsafi ne, yaron da ke yin sa kuwa abin tsokana ne a makaranta. Yanzu masu yin sa har riguna suke bugawa suna tinƙaho da shi.

Mai shagon ta zaunar da ni ta koya mini dokoki, ba ta ce sai na saya ba. Kayansu dai da tsada, kuma wurin ya yi ƙanƙanta. A je da wuri.