Disneyland Paris, Europa-Park, Efteling ko PortAventura: wanne ya dace da iyalinka a zuwan farko?

Kafin ka duba farashin tikiti ko hoton otal, ɗauko tef ɗin tela, ka jingina kowane yaro da bango, ka rubuta tsayinsa da santimita. A manyan wuraren wasa na Turai tsayi ne ke ba yaro damar hawa lilo, wasu wuraren kuma, kamar Europa-Park, suna haɗawa da shekaru. Ma'aikacin da ke bakin layi yana riƙe da sandar awo, kuma "ai saura kaɗan" ba ta aiki a wurinsa. Dalilin shi ne ƙarfen da ke danne mutum a kujera an ƙera shi ne don wani girman jiki, yaron da bai kai ba zai iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa.

Ga misali da lilon jirgi, wato taragon nan mai gudu a kan dogo yana hawa yana gangarowa, wani har yana juya mutum ƙafa sama. A Disneyland Paris, Big Thunder Mountain na neman santimita 102, Hyperspace Mountain 120, na Indiana Jones kuma 140. Silver Star na Europa-Park, da Shambhala da Dragon Khan na PortAventura, duk 140 suke nema. Iyalin da yaransu ba su kai 120 ba, in sun zaɓi wuri saboda sunan manyan lilonsa, kuɗin tsayuwa a bayan shinge kawai suka biya.

Disneyland Paris shi ne wanda yara suka fi sani, kuma ya fi sauƙin isa. An buɗe shi a 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Paris. Daga tsakiyar birni jirgin RER A na kai mutum tashar Marne-la-Vallée–Chessy cikin minti 40 ko kusa da haka, tashar kuma a bakin ƙofa take. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na TGV na yin tafiyar cikin kusan minti 10. Wurare biyu ne maƙwabtan juna, na asali da wanda aka ƙara a 2002, kuma tikiti iri biyu ne, na wuri ɗaya da na wurare biyu. A nan ake yawan kuskure, domin mutum ya ga mai araha ya saya, sai a ƙofa ta biyu ya gane bai ba shi damar shiga ba. Wanda kwana ɗaya kawai yake da shi, ya sayi na wuri ɗaya ya zauna a na asali, ko shi ba zai gama shi ba. Wurare biyun suna son kwana biyu zuwa uku.

Ƙarfin Disneyland na ga ƙananan yara da kakanni. Wasanninsa da yawa ba su da sharaɗin tsayi, a cikin gini suke, ana tafiya sannu a kwale-kwale ko ƙaramar mota, saboda haka ruwan sama ba ya lalata yinin gaba ɗaya. Ga faretin rana, ga wasan fitilu da dare. Rauninsa kuwa kuɗi ne da layi. Shi ne mafi tsada a cikin huɗun, farashin tikitinsa na hawa da sauka gwargwadon ranar da ka zaɓa, kuma a lokacin hutu layin shahararren lilo na iya wuce awa guda. Akwai Premier Access, kuɗin da ake biya daban don a rage jira, kuma kowane mutum ake biya wa. Iyali mai mutum shida su ninka da shida kafin su danna. Masu kwana a otal-otal na Disney suna samun damar shiga kafin sauran jama'a, wannan sa'a ta safe kuwa takan fi awa biyu na tsakar rana amfani. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, amma da ya cika 12 kuɗin babba za a caje shi.

Ga iyalin da ke da samari da 'yan mata masu son tashin hankalin lilo, Europa-Park ya fi biyan kuɗinsa, kuma abin takaici ne yadda mutanenmu ba su cika saninsa ba. Yana ƙauyen Rust a kudu maso yammacin Jamus, tsakanin Freiburg da Strasbourg. Iyalin Mack ne suka buɗe shi a 1975, su kuma sana'arsu ta gado ita ce ƙera irin waɗannan lilon, shi ya sa ake kula da injunan sosai, layi kuma na tafiya da sauri. An raba wurin unguwa-unguwa da sunan ƙasashen Turai, kowace da gininta da abincinta. Silver Star na da tsayin mita 73. Blue Fire na harba mutum daga tsaye ba tare da hawan tudu ba, Wodan na katako ne mai jijjiga, Voltron Nevera kuma an buɗe shi a 2024. Da manhajarsu ta waya ana iya kama gurbin layi kyauta a wasu lilon, ka je ka yi wani abu har lokacinka ya yi. Ƙananan yara ma ba a bar su a baya ba.

Matsalarsa hanya ce da lokaci. Daga Frankfurt sai ka shiga jirgin ƙasa, ka canza a Offenburg ko Freiburg, ka sauka a tashar Ringsheim, sannan ka hau bas zuwa ƙofa, abin da zai ci awa biyu zuwa uku da kaya da yara. Rust ƙaramin gari ne, ɗakunan haya masu sauƙin kuɗi na ƙarewa da wuri. Kuma wurin na rufewa daga wajen tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris. Kwana biyu yake so. Wurin wasan ruwansu, Rulantica, tikitinsa daban ne.

Efteling na Kaatsheuvel a kudancin Holan, an buɗe shi tun 1952, wato ya girmi duk wani Disneyland. Shi ne na natsuwa: itatuwa, tafki, da dajin tatsuniyoyi inda yara ke bin hanya suna ganin labaran Turawa an gina su a zahiri. Droomvlucht da Fata Morgana da Symbolica duk na cikin gini ne, babba da yaro na hawa tare. Masu son tsoro suna da Baron 1898, wanda ke dakatar da tarago a bakin rami kafin ya sake shi tsaye. Tikitinsa ya fi na Disneyland sauƙi sosai, a buɗe yake duk shekara, ana barin mutum ya shiga da abincinsa, kuma yini ɗaya cikakke na iya isa. Daga Amsterdam jirgin ƙasa ne zuwa 's-Hertogenbosch ko Tilburg, sannan bas. Abin lura shi ne yawancin magana da waƙoƙin wurin da harshen Holan ake yi, kuma ruwan sama a ƙasar ba shi da sallama.

PortAventura na kusa da Salou a Sifaniya, kimanin kilomita 100 daga Barcelona, an buɗe shi a 1995. Yanayinsa ya fi kusa da abin da jikinmu ya saba. Shambhala na da mita 76, Dragon Khan na juya mutum sau takwas, a Ferrari Land da aka ƙara a 2017 kuma akwai Red Force mai mita 112 da gudun kilomita 180 a awa. Wuri ne na matasa, ko da yake akwai sashen ƙanana. A watan Yuli da Agusta layi na tsawo ƙwarai a cikin rana, har mutum ya ga dole ya sayi tikitin Express na rage jira. Yana cikin masu hana shiga da abincin waje. Gari ne na bakin teku, saboda haka shigar jama'a a lokacin zafi irin ta bakin ruwa ce, magidanci ya san da wannan kafin ya yanke shawara.

Wanda yaransa duka ke tsakanin shekara 2 da 12 ya duba Legoland na Billund a Denmak, da ke dab da filin jirgin garin, amma samari za su gundura kafin la'asar. Wanda kuma yake Paris yana neman manyan lilo da kuɗin da bai kai na Disney ba, Parc Astérix na kusa da Charles de Gaulle. Alton Towers na Ingila ne, bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, ba ta kai mutum can.

Maganar biza na iya sauya zaɓin gaba ɗaya. Faransa, Jamus, Holan, Sifaniya da Denmak duk suna Schengen, biza ɗaya ta isa, amma ana neman ta ne a ofishin ƙasar da za ka fi yawan kwana. Ana karɓar takardu daga wata 6 kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. A aikace samun ranar ganawa ne ke cin lokaci, don haka a fara da wuri. Tun Yunin 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, banda ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowa. Idan yaro zai tafi da mahaifi ɗaya, a tanadi takardar amincewar ɗayan. Kada ka sayi tikitin wuri mai ƙayyadaddiyar rana kafin biza ta fito, sai ka karanta sharaɗin soke shi ka tabbatar ana mayar da kuɗi. Otal ma a kama wanda ake sokewa kyauta. Daga Legas da Abuja akwai jiragen da ke zuwa Paris da Frankfurt kai tsaye, daga Legas akwai na Amsterdam. Da yara ƙanana, rashin canjin jirgi na iya zama dalilin fifita wuri a kan wani.

Dogon hutun makarantun Najeriya na faɗawa daidai lokacin da Turai duka ke hutu. In dole sai lokacin, a zaɓi Talata zuwa Alhamis. Makon farko na Satumba ɗaliban Faransa sun koma aji, Disneyland na sassautawa, amma jihohin kudancin Jamus ba sa komawa sai wajen tsakiyar watan, saboda haka Europa-Park na nan a cike. Hutun Disamba na da ado da fitilu, sai dai sanyi ne da ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba, rana kuma na faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar.

Wannan na shafar sallah. A Disamba azahar da la'asar da magariba na matse cikin 'yan awanni, a Yuni kuma magariba a Paris na kaiwa kusan ƙarfe goma na dare. A sa ƙaramar darduma a jaka, a tambayi ofishin kula da baƙi wuri mai shiru tun da safe, matafiyi kuma ya san hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ya baro gida. Kan abinci, a haddace sunan alade a harshen ƙasar: porc a Faransa, Schwein a Jamus, varken a Holan, cerdo da jamón a Sifaniya. Alawa mai danƙo sau da yawa da sinadarin jikin alade ake yin ta, a karanta bayan leda. Kifi, dankali da abincin ganye ne mafita mafi sauƙi, kuma kada a ɗauka kaza ta halal ce sai an tambaya.

Hajiya mai sa niƙabi ta san cewa Faransa ta haramta rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, da tarar da ke kaiwa Yuro 150, Denmak ta bi sahu a 2018, Holan kuma ta hana a motocin haya da gine-ginen gwamnati tun 2019. Hijabin da bai rufe fuska ba babu matsala da shi a waɗannan wurare. Sai dai a kan lilon jirgi dogon mayafi haɗari ne, iska na iya ɗaga shi ya maƙale. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa bakinsa cikin riga. Hula da tabarau da wayar da ke aljihun kaftani su ne kan gaba wajen ɓacewa, a bar su a akwatin ajiya. A sa kambas da ƙafa ta riga ta saba da shi, domin za a taka kilomita goma ko fiye. Lilon ruwa na jiƙa mutum sharaf, farin yadi kuma in ya jiƙe yana nuna jiki, don haka a riƙe rigar leda. Mai juna biyu, da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na baya, su ɗauki gargaɗin da ke bakin layi da gaske.

Ranar shiga, a isa ƙofa minti 30 zuwa 45 kafin buɗewa, a nufi lilon da ya fi farin jini kai tsaye, a bar hotuna da shaguna sai yamma. A ci abinci da ƙarfe sha ɗaya da rabi ko bayan biyu, domin tsakanin nan kowa ke jin yunwa. Iyaye masu jariri su tambayi tsarin musaya, inda ɗaya ke hawa ɗaya na riƙe da yaro, sannan su canza ba tare da sake bin layi ba. Wanda bai damu a raba shi da 'yan uwansa a tarago ba, layin mutum ɗaya ya fi sauri. A ɗauki hoton kowane yaro da safe da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya haɗe da lambar ƙasa a ɗaura masa a hannu. Tikiti a ɗauki hotonsa a waya ko a buga a takarda, saboda intanet kan yanke a bakin ƙofa, a kuma gwada katin banki da sayen wani abu na ƙasar waje tun ana gida. Idan aka yi tsawa ko iska mai ƙarfi ana dakatar da manyan lilon waje, kuma ba a saba mayar da kuɗi saboda haka ba, shi ya sa ake fara hawansu da safe.

Wanda zai tsaya wasan fitilun dare a Disneyland ya kama wuri tun da sauran lokaci, ta ɓangaren da ya fi kusa da ƙofar fita. Ana gamawa dubban mutane ke nufar tashar jirgi lokaci guda, saboda haka a sayi tikitin komawa tun da safe, a ɗora ƙaramin yaro a kekensa kafin a fara tafiya.