Ɓera ko 'yan tsaki: me za ka ba ƙaramar bowa?

Ƙanena, tsakanin ɓera da 'yan tsakin da ka ce kana samu da araha a nan Garwa, ɓera za ka ba ƙaramar bowarka, wato macijiyar nan marar dafi mai kama da mesa. Farin ɓera na kiwo, kuma wanda aka riga aka kashe.

Tawa ta zo hannuna daga Duwala tana kamar kamu biyu a tsawo. Wata huɗun farko ni ma 'yan tsaki na riƙa ba ta, don arahar. Ci tana ci, amma kashinta ruwa-ruwa, ga wari, har uwargida ta ce ko ni ko macijiyar, ɗaya ya koma zaure. Sai na samo fararen ɓeraye, mace biyu namiji ɗaya, na zuba su a babbar roba na rufe da raga, ina ba su dusa, masara da ɗan gyaɗa. Ɓera cikin mako uku yake yi, don haka kafin wata biyu ina da kowane girma. Ranar da na fara miƙa mata ɗaya da dogon hantsaki, bayan magariba ne. Ta leƙo daga cikin tukunyarta, harshe na fita yana komawa, ta yi tsit kamar ba ta gani ba, sai ji na yi an fizge hantsakin. Ta nannaɗe mataccen ɓeran nan tana matsa da gaske, ita a dole farauta ta yi. Daga nan kashi ya daidaita, jiki ya ciko ba tare da tumbi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɓera yana da ƙashi mai ƙwari, ga hanta, ga gashi, kuma kana iya ƙara girmansa yadda take ƙara girma. Ɗan tsako na kwana ɗaya ƙashinsa bai nuna ba, cikinsa ma da sauran gwaiduwa. Ba guba ba ne, in ɓera ya yanke maka ka ba ta ɗaya, shi ke nan abin da zan ce a kansa.

Inda mutane suka fi kashe bowa shi ne gaggawa. Cikinta a hankali yake narkar da abinci. Ƙarama, ɓera ɗaya duk kwana 7 zuwa 10. In ta shekara biyu, duk mako biyu zuwa uku. Babba, sau ɗaya a wata ya isa. Kaurin ɓeran kada ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Mai ɗura mata abinci don ta yi saurin tsawo zai ga ta yi ƙiba da ɗan ƙaramin kai, kitse ya rufe hanta, dabbar da kan yi shekara 20 zuwa 30 ta mutu da wuri. In ta ci, kada ka ɗaga ta sai bayan kwana biyu. In ta amayar, bar ta mako biyu kafin ka sake gwadawa da ƙaramin ɓera. Lura da hunturu kuma: daren Disamba da Janairu, in gefe ɗaya na akwatin da take ciki bai kai digiri 30 ba, abinci ruɓewa yake a cikinta. A zafin Maris da Afrilu kuwa inuwa da kwanon ruwa take nema.

Mai rai kam kada ka fara. Ɓeran da aka bari tare da macijiyar da ba ta jin yunwa, shi zai gwagwiye ta. Wanda ka ajiye a firiza, saka shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi har cikinsa ya saki. In an ɗauke wuta ya narke ya fara wari, zubar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayarwa. Akwai mai kawo maka ɓeran gida na tarko ya rantse na kiwo ne, alhali wataƙila ya ci maganin ɓera, ga tsutsar ciki. Akwai kuma mai kamo 'yar mesa a daji, da kaskarta a jiki, ya ce bowa ce. Bowa 'yar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ce, jelarta da ja-ja, galibi mita 2 zuwa 3 take tsayawa, mesarmu kuwa tana iya wuce 4. Wanda ya ce zai sayar maka da ƙwan bowa, tashi ka ba shi wuri, don ita haihuwa take yi. Ka kuma nemi takardar CITES, wato izinin cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, daga wanda ya sayar maka kafin ma'aikatan gandun daji su nema a wurinka.

Samo fararen ɓeraye, mace biyu da namiji ɗaya, cikin makon nan, ka ɗaure ragar da waya, don suna tura murfi.