Jirgin ƙasan Haramain daga Madina zuwa Makka, a idon baƙo

Na hau jirgin ƙasan Haramain daga Madina zuwa Makka lokacin da na je Umara, kuma ina ba duk wanda yake da hali shawarar ya hau shi, musamman idan yana tare da tsofaffi. An buɗe layin a shekarar 2018, tsawonsa kusan kilomita 450 ne, kuma jirgin yana gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a guda, saboda haka tafiyar da kan ci sa'o'i biyar ko shida a mota ta koma kamar sa'o'i biyu da rabi. Taragon yana da tsabta da sanyi, kowa da lambar kujerarsa, kuma mun tashi a kan lokacin da aka rubuta a tikiti.

Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya bar masauki. Jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, don haka sai an yi wanka an ɗaura harami tun a gari, a bar niyya sai an zo daidai wurin. Akwai iyaka a kan yawan kaya, kuma tashar tana da 'yar tazara daga Masallacin Annabi (SAW), sai an nemi tasi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin fasinjoji. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a bakin ƙofar shiga, inda ake kara lambar tikiti a na'ura, na ga gaskiyar wannan magana. Wani dattijo daga ƙasarmu, wanda duk alamu suka nuna cewa a gida wasu ke ɗaukar masa jaka, ya tsaya da wayarsa a hannu ya rasa inda zai danna, har ya juyo gare ni da murya ƙasa ƙasa ya ce, "Ɗana, don Allah duba mini nan." Na ce, "To, Baba, kawo mu gani," alhali ni ma ɗazu wani matashi ɗan Indunisiya ya nuna mini, da yatsa kawai, domin ba ma jin harshen juna. Ma'aikacin da ke wurin bai gaggauta mu ba, ya jira har ƙofar ta buɗe, sannan ya nuna mana taragonmu.

A ganina, rashin sanin wuri ne ya sauke wa kowa girman kai, haramin kuma ya ƙarasa aikin, tun da ƙyalle biyu farare ba sa nuna muƙamin kowa. Dattijon nan da kansa ya tashi ya taya wata tsohuwa Baturkiya ɗora jakarta, ya kuma bi kujerun kusa yana miƙa dabinon da ya sayo a Madina. Da aka fara talbiyya, tarago ya ɗauka baki ɗaya, kowa da karin harshensa.

Mun sauka a tashar Makka da ke unguwar Rusaifa, wadda ita ma sai an hau mota kafin a kai Harami. Ni da Baba muka shiga tasi ɗaya, kuma ya rantse ba zan biya ko riyal guda ba.