Duba katin shaida ba laifi, rubuta lambarsa ne na ƙi

Makon jiya na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a wani shagon kayan lantarki, na biya da katin bashi na Visa. Shagon ya burge ni: an kunna mini kwamfutar na gwada son raina, ba wanda ya matsa mini lamba. Sai da na zo wajen biya aka samu tangarɗa.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta juya katin a hannunta, ta ce, "Malam, don Allah katin shaidarka." Na zaro lasisin tuƙi na miƙa mata. Ta dubi hoton, ta ɗago ta dube ni, ta gwada sunan da na jikin katin. Har ga Allah wannan bai ɓata mini rai ba. Idan ɓarawo ya yi sayayya da katin wani, mai katin ya kai ƙorafi banki, ana iya janye kuɗin daga asusun ɗan kasuwa, ga kaya kuma sun tafi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Amma sai na ga ta ɗauki biro za ta kwafe lambar lasisin a bayan rasit ɗin da shago ke ajiyewa. Nan na dakatar da ita. Na ce, "Yi haƙuri, ki duba iya dubawarki, amma kar ki rubuta." Takardar nan aljihun tebur za a jefa ta, hannu nawa za ta bi kafin a yaga ta? Lambar shaidata tare da ƙarshen lambar katina a wuri guda, ai wannan guzuri ne aka haɗa wa ɗan damfara.

Ƙa'idar Visa da ta Mastercard ta yarda ɗan kasuwa ya nemi ganin shaida, amma a sayayya ta yau da kullum ba ta ba shi damar mayar da ita sharaɗin karɓar kati ba. Ga shi kuma katina mai guntun ƙarfen nan ne da ake sakawa cikin na'ura, na riga na danna lambar sirri ta karɓa. Tun 2018 ma manyan kamfanonin kati suka fara sauke tilascin sa hannu a rasit, saboda tsaron ya koma kan na'ura.

Yarinyar ta kira shugabanta. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, sannan ya ce mata ta ajiye biron. Ita ma ba laifinta ba ne, abin da aka koya mata take yi, shi ya sa na roƙe shi ya gyara umarnin tun daga sama.

Zan sake sayayya a wurinsu. Lasisin dai a hannuna zai tsaya, in ɗaga musu su gani.